Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Masu Sauya Fanni a Sana'ar Kwamfuta



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, Allah Ya ƙara muku lafiya da nasara. Shugabanni da malaman wannan cibiya, iyaye maza da mata, mazaje da matan waɗanda ake yayewa, da ku ƙannena da kuka tara mu a nan, barkanmu da ganin wannan rana. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nufe mu da halartarta.

Yayen yau ya sha bamban da wanda aka saba gani. Da na dubi layukan gaba, na ga masu furfura, na ga masu goyo. Akasarinku kun daɗe kuna cin abinci da kwamfuta da waya kafin ku zo nan. Akwai mai gyaran waya daga kasuwar Farm Centre. Akwai wanda ya shekara da shekaru yana hawa tsani yana jan kebul a ofisoshi. Akwai wadda take buga takardu a shagon kwamfuta, da mai kula da na'urori a cibiyar jarrabawar JAMB, da mai karɓar koken jama'a a banki. Yau ga shi kuna fita da takardar tsaron intanet, ko ta nazarin bayanai, ko ta rubuta manhaja. Kun bar fanni kun koma fanni a cikin sana'a ɗaya, kuma a kan wannan sauyi nake so in yi magana.

Manya a cikinmu suna tuna yadda ƙasar nan take kafin 2001, lokacin da layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba a duk faɗin Nijeriya. A watan Agustan wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki, sai ga sana'o'i sun tsiro waɗanda ba a taɓa jin sunansu ba: mai lema da tebur a bakin titi ana biya a yi kira, mai sayar da katin waya, mai kafe inda ake sayen awa ɗaya a duba saƙo. Ina mai lema yanzu? Wayar hannu ta yi arha, ta kashe masa kasuwa, da yawansu suka koma harkar POS. Kafe ma intanet ɗin cikin waya ya kwashe masa jama'a. A ƙasashen waje haka abin yake. Waɗanda suka ƙware a manhajar Symbian ta Nokia sun wayi gari Android ta mamaye duniya. Kamfanin Adobe ya rufe Flash a ƙarshen 2020, bayan dubban mutane sun gina rayuwarsu a kansa. Saboda haka duk wanda ya ce muku sauya fanni alamar rashin tsayawa wuri ɗaya ce, bai san wannan sana'a ba. A cikinta, wanda ya ƙi motsawa shi ake bari a baya.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na ga masu sauya fanni suna jin kunyar aikinsu na da. Mutum ya yi shekaru yana gyara kwamfutocin ma'aikata, ya zo neman aikin tsaron intanet, sai ya share waɗannan shekaru daga takardar tarihin aikinsa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni sabon shiga ne.” Ƙannena, kada ku yi wa kanku wannan zalunci. Tsohuwar sana'arku ita ce jarinku.

Ku dubi abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da manhajar kutse mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Inda aka sabunta kwamfutoci a kan lokaci, an tsira. Inda aka yi sakaci, an sha wuya. To, wane ne ke wannan aiki na sabuntawa? Shi ne wannan ma'aikaci da ake kira idan firinta ta ƙi aiki, wanda ba a cika tunawa da shi ranar rabon yabo ba. Idan irin wannan mutum ya koma tsaron intanet, ya zo da sanin da ba a samu a aji: ya san kwamfutar da aka manta da ita a ɗakin ajiya tana kunne, ya san shugaban da ke rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya manna a jikin tebur.

Kai mai jan kebul, ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya cak, mutane suka yi ta tura kuɗi ba ya tafiya. Duk wannan ajiyar bayanai da ake cewa tana sama, a ƙarshe kwamfuta ce a wani ɗaki, da waya, da wutar lantarki. Yaron da ya fara koyon aikin daga kan allo yana iya mantawa da haka. Kai ba za ka manta ba, domin da hannunka ka taɓa gano inda ɓera ya ci waya a cikin rufi.

Ke kuma da kika yi shekaru kina buga takardu, yau kin zama mai nazarin bayanai, ina so in ɗan tsaya a kanki, domin ke ce aka fi rainawa, kuma ke ce kika fi kowa sanin ciwon da ke cikin bayanan ƙasar nan. Kin san mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a unguwa. Kin san yawan mutanen da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba su san ainihin ranar ba. Kin san wasu sunan garinsu ne ya zama sunan mahaifinsu tun daga firamare. Da aka ce a haɗa lambar NIN da layin waya a ƙarshen 2020, kowa ya ga layin da aka yi ta bi, wasu saboda suna bai dace ba. Duk mai aikin nazarin bayanai zai gaya muku cewa tsabtace bayanan ya fi cin lokaci a kan zana jadawali mai kyau. Manhaja tana iya ƙirga mutum ɗaya sau huɗu ba ta sani ba. Ke ce za ki duba ki ce, “A'a, wannan duk mutum guda ne.”

Ko tsohon ilimi ma ba ya mutuwa da wuri yadda ake zato. Harshen rubuta manhaja na COBOL tun 1959 yake, amma a 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, saboda a kansa tsarin biyan marasa aikin yi yake tafiya.

Yanzu bari in faɗi ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A sabon wurin aiki za ku koma ƙasa. Wanda zai duba aikinku ya ce a sake, wataƙila sa'an ɗanku ne. Albashin farko yana iya gaza abin da kuke samu a shago. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma faɗinsa da sauƙi, amma ranar da yaro zai gyara maka kuskure a gaban mutane, ranar za ka san nauyin maganar. Ku daure, ku yi tambaya. Abin da kuka zo da shi zai bayyana a hankali, galibi ranar da wani abu ya lalace kowa ya rasa ta inda zai fara.

Kada kuma ku mayar da tara satifiket sana'a. Takardun Cisco da CompTIA da makamantansu suna buɗe ƙofa, ban musa ba. Sai dai wanda ya haddace amsoshin jarrabawa ya ci, minti goma na farko a gaban mai ɗaukar aiki sun isa su tona shi. Ku riƙe abin da za ku nuna: ga manhajar da na rubuta wa wani kantin magani, ga lissafin da na tsara wa makarantar unguwarmu. Kuma tun da kun zaɓi fanni, ku zauna a cikinsa har ku nuna. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, kowa ya koma maganar ƙirƙirarriyar basira, wasu har suna watsar da abin da suka fara don su bi yayi. Ku koyi aiki da ita, za ta rage muku wahala ƙwarai. Amma tana yin kuskure cikin ƙarfin hali, kuma sai wanda ya san aikin ne yake gane inda ta kauce.

Sai batun amana. Daga yau za a riƙa damƙa muku makullan da ba ku taɓa riƙewa ba: asusun mutane, bayanan marasa lafiya, albashin ma'aikata. Masu damfara za su neme ku, wani lokaci ta bakin aboki. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ku karanta su da kyau, domin sun shafe ku kai tsaye. Ita ta biyun ma ta buɗe muku wata ƙofar aiki, tun da ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a su naɗa jami'in da zai kula da kare su. Sai dai kafin doka, akwai tsohuwar da ta ajiye kuɗin jikokinta a banki ba ta san ma akwai ku ba. Haƙƙinta yana wuyanku.

Ga shugabannin kamfanoni da ma'aikatu da ke zaune a nan, ina da roƙo. Ku daina rubuta cewa kuna neman sabon ma'aikaci mai gogewar shekara biyar a fannin da bai daɗe da fitowa ba. Ku duba cikin gidanku tukuna. Yaron da ke gyara muku intanet ya san tsarinku ciki da waje. Ku tura shi horo, ku ɗaga shi, ya fi muku sauƙi a kan ɗauko baƙo. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, kuma abin a yaba ne, amma horo ba ya zama abinci sai an sami wanda zai ba mutum aikin farko. Wannan a hannunku yake. Ina kuma roƙon ku dubi 'yan'uwanmu mata musamman, domin yawancin wannan aiki ana iya yin sa daga gida idan akwai wuta da data.

Iyalan waɗannan ɗalibai, ku ma yau ranarku ce. Kun jure rufe shago da wuri, kun jure raguwar cefane, kun hana yara hayaniya da dare don a yi karatu. Allah Ya saka muku da alheri. Malaman cibiya, Allah Ya albarkaci iliminku da zuriyarku.

Ku kuma da ake yayewa, ina taya ku murna da zuciya ɗaya. Allah Ya buɗa muku ƙofofin halal, Ya haɗa ku da shugabanni masu adalci, Ya tsare hannuwanku daga dukiyar mutane. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.