Itatuwa Masu Ganye Rani Da Damina: Aikinsu A Lokacin Hunturu



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi muku bayani a kan itatuwan da ba su rabuwa da ganye, da aikin da suke yi mana ko da ana tsananin ɗari.

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kashi 21 cikin 100 nata shi ne oksijin, wanda in babu shi mutum da dabba ba su rayuwa, kuma tsire-tsire ne ke samar da shi. Saiwa takan jawo ruwa daga ƙasa, ganye kuma ya zuƙi iskar kabon ta waɗansu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Da hasken rana ya sauka, sai koren ganye ya sarrafa su, ya yi wa itacen abinci, ya saki oksijin. Da dare aikin yakan tsaya, gama sai da haske.

To, yaya abin yake in sanyi ya shigo? A ƙasashe irin su Kanada da Rasha akwai itatuwa masu ganye kamar allura. Aikinsu yakan ragu da sanyi, ya tsaya in ruwa ya daskare, ya koma in an sami ɗumi. Mu nan ɗarinmu bai kai ga daskarar da ruwa ba. Abin da ke matsa wa itace a watannin Disamba da Janairu shi ne ƙarancin ruwa da ƙura. Kuka da rimi sukan kaɗe, ciyawa ta bushe. Amma mangwaro da dogon yaro, wanda aka kawo Barno a 1928, sukan riƙe ganyensu. Gawo ma sai da rani yake tohowa. Irin waɗannan su ke ci gaba da aikin, su tare ƙura, su karya ƙarfin iska.

Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne aka fi sare su don jin ɗumi da yin gawayi. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Jihar Bauchi kuwa tana cikin jihohi 11 da hamada ke barazana gare su, shi ya sa take cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa.

Saboda haka Gwamnatin Tarayya tana kira gare ku. Kada a sare ɗanyen itace, kada a sa wa daji wuta. Kowane magidanci, daga Wunti har Yalwa, ya dasa itace da faɗuwar damina, ya kange shi daga awaki, ya riƙa ba shi ruwa har ya wuce raninsa na fari. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.