Bikin Ƙarshen Zango Ba Sai da Kuɗi Ba



Watan Yuli ya matso, zango na uku zai ƙare a makarantun Unguwar Rimi. Malamai, ina tambaya: sai an yi hayar rumfa da kujeru kafin yara su yi murna? A'a, ba sai an yi ba.

Malama, ki ware awa ɗaya bayan jarrabawa. A ja bencina gefe. Kowane yaro ya tashi ya faɗi abu guda da ya koya bana. A yi kacici-kacici, a tafa wa juna. In akwai ƙuli-ƙuli, a raba. In babu, ba komai.

Iyaye kuwa, don Allah kada a ɗora musu anko. Kuɗin makaranta ma ya ishe su.