Waƙafi Domin Binciken Cututtukan Tsufa

Ya ku iyayenmu da 'yan kwamitocin masallatai, yawancin masu neman taimakonmu daga Andarai, Jega da Maiyama dattawa ne masu fama da hawan jini, ciwon sukari ko shanyewar ɓarin jiki. Mukan biya kuɗin magani, wata mai zuwa su dawo.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, da matasan masana masu son bin diddigin waɗannan cututtuka, sai dai sabon mai bincike bai cika samun mai ɗaukar nauyinsa ba. Zakka tana da masu ita takwas, ba za mu taɓa haƙƙinsu ba. Waƙafi kuwa ƙofarsa a buɗe take. Muna roƙon kowane masallacin Juma'a ya nemo mana gona ɗaya, ko ta albasa ce, amfaninta ya riƙe mai bincike guda.