Fitilar LED da Kifin Cikin Gilashi

Duk wanda ya san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya san ciyawar ruwa ta fi yawa a gefe-gefe, inda hasken rana ke kaiwa har ƙasa. Haka abin yake ga mai ajiye kifi da shuka a akwatin gilashi, ko a Kiru yake ko a Doguwa: fitilar LED ce ranarsa.

Ku nemi fara tas mai lamba 6500K, wadda danshi ba ya lalatawa. Ba ta cin wuta sosai, ƙaramin sola ma zai riƙe ta. Amma don Allah kada a bar ta a kunne dare da rana! Awa 6 zuwa 8 sun wadatar. In aka zarce, gansakuka za ta mamaye gilashin, ruwan ya koma kore, ta rufe ganyen shukar.

Masu ƙyanƙyasar tarwada kuwa, naku daban ne. 'Ya'yan tarwada sun fi girma cikin duhu, haske mai yawa yana tayar musu da hankali har su riƙa cin juna. Ku rufe musu tanki.