RUWAN DA YA FITA TA RARIYAR GIDANKA, INA YA NUFA?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar wa matasa 'yan'uwa a birnin Kano gab da faɗuwar damina. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da ɗan abin da muka taƙaita saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga fiyayyen halitta (S) da iyalan gidansa da sahabbansa.

'Yan'uwa, maganar da aka ce in yi yau maganar kwata ce. Na san akwai wanda zai ce a ransa, yanzu a rasa abin da za a tara mu a kai sai lambatu? To ka yi haƙuri ka saurara. Duk wanda ya fara karatun littafi a zaure, ya buɗe Ishmawi, bai yi nisa ba zai ci karo da babin rabe-raben ruwa. Tun muna yara aka karantar da mu cewa idan najasa ta jirkita launin ruwa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, to wannan ruwa ba ya ibada, ba ya al'ada. Mun haddace wannan. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne, wa yake jirkita ruwan? Daga ina najasar take zuwa?

Bari mu ɗauki garin nan da muke ciki. Kano tana zaune ne a kan tudu tsakanin kwari biyu. Ruwan da ya sauka a cikin Birni da Fagge da Sabon Gari da unguwannin arewa, yawancinsa Jakara yake gangarawa, rafin nan da ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Can gaba rafin Getsi, wanda yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ya haɗu da shi, su tafi tare har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. Na kudancin gari kuwa, irin su Sharaɗa, ta rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa. A wannan ɓangaren ne kuma matatun ruwa na Challawa da Tamburawa suke. Daga nan Challawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su wuce fadamun Haɗeja da Nguru, har abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi tafkin Cadi. Ke nan ruwan wanke-wanken da aka watsa ta rariyar gidanku da safen nan, yana da inda ya nufa. A gefen hanyar da zai bi akwai mai lambu, akwai masunci, akwai makiyayi da shanunsa, akwai yaro mai wanka. Duka bayin Allah ne, kuma ba ɗaya da ya san ka ballantana ya yafe maka.

Yanzu mu koma kan ruwan sama. Mutane suna cewa wai ruwan yanzu ya fi na da ɓarna. E, akwai shekarun da ake samun ruwa mai ƙarfi ƙwarai, a 2022 ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan. Amma mu dubi abin da muka yi wa ƙasa da hannunmu. Gidan kakanninmu tsakar gidansa ƙasa ce. Akwai darbejiya ko dabino, akwai turken akuya, akwai ɗan wurin da tsohuwa take shuka kabewa. In aka yi ruwa, indararo ya zubo shi, ƙasa ta sha abin da za ta sha, sauran ya gangara kududdufi. Su waɗannan kududdufai ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, da su aka gina gidaje da ganuwa, amma sai suka zama su ne randunan gari. Su riƙe ruwan damina, ya riƙa tsatsafa ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. To yau fa? An cike kududdufai da shara, an yanka fuloti, an yi shaguna. A cikin gida kuma daga zaure har bakin banɗaki an shafe da siminti ko an jera tayil, ko tafin hannu ba a bar wa ƙasa ba. Sama kwano, ƙasa siminti. Ruwan da ya sauka ba shi da wurin shiga, dole ya fita gaba ɗaya, a lokaci ɗaya, daga gida dubu, ya haɗu a lambatu ɗaya da aka yi tun unguwar tana da gida ɗari. Shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa. Inda kududdufi yake a da, can zai je, ko da ɗakin amarya aka gina a wurin.

Ina so 'yan makaranta su ɗauki biro, akwai ɗan lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1, lita 1 ke nan cif. Kano takan sami abin da ya kai milimita 800 a shekara, wata shekarar ya fi, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. In rufin gidanku mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, wato murabba'in mita 100, to a damina ɗaya lita 80,000 ce take sauka a kansa. Duro 400 ke nan. In da jarka mai lita 25 za a auna, jarka 3,200. Ruwa ɗaya mai ɗan ƙarfi, na milimita 25, jarka 100 ne daga wannan rufi kaɗai. Duk wannan muke kora waje da tsintsiya, ya je ya ci gidan maƙwabcin da ke gangare. Sannan watan Maris ya zo, ka gan mu a bakin titi muna jiran mai kura, muna cinikin jarka. Subhanallah! Allah Ya kawo maka ruwa har kan rufinka kyauta, ka kore shi, ka koma kana saye.

Wannan yawan ruwan ke nan. Saura abin da yake ɗauke da shi, kuma nan ne maganar ta fi nauyi.

Kowa a nan ya san abin da ake yi in hadari ya haɗo. Iska ta fara kaɗawa, sai ka ji ana ƙwala wa yara kira, maza a fito da shara. A juye kwando a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Ledar ruwa ba ta ruɓewa, robar lemo ba ta narkewa. Za su yi tafiyar gida goma, su tarar da kwalbati, su toshe shi. Ruwa ya dawo da baya, ya hau kan hanya, ya jiƙa gindin katanga. Gidan ƙasa kuwa in gindinsa ya sha ruwa, cikin dare yake zaunawa a kan mutane. Kowace damina sai mun yi jana'izar irin wannan.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Akwai gidajen da salgarsu ko sokawensu in ya cika, ba sa kiran masu kwashewa. Sai su jira daren da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, su buɗe masa hanya ya bi kwata. Wasu ma bututu suka haɗa na dindindin. Ɗan'uwa, in ana yin haka a gidanku, ka sani cewa ya tabbata a Bukhari da Muslim Manzon Allah (S) ya hana yin fitsari a ruwan da yake tsaye, kuma Abu Dawuda ya kawo cewa yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke zama yana jawo tsinuwa. Wannan fa mutum ɗaya ne ya tsuguna sau ɗaya. Ina ga wanda ya tara na gida guda na shekara biyu ya sako wa unguwa?

Ƙwayar cutar kwalara ta bayan gidan mai ciwon take fita, ta ruwa ko abinci take shiga cikin wani. Tana iya tsotse ruwan jikin ƙato ta kashe shi cikin sa'o'i. A shekarar 2021 kaɗai, an ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ba banza ba ne take tashi da damina. Ruwan kwata ne yake malala ya faɗa rijiyar da ba ta da baki, ko ya shiga bututun famfo da ya fashe a cikin lambatu. Masana suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya. Ku je gida ku auna da ƙafa. Gidaje nawa ne a cikin Birni ko Kurna ko Brigade suke da ko mita 10? In taka salgar ta yi nisa da rijiyarka, ta maƙwabcinka tana bayan katanga.

Sannan masu sana'a a cikinmu. Bakanike ya juye baƙin mai, mai janareta ya canza nasa, ina ake zubawa? A kwata. Wani ma cewa yake maganin sauro ne. Baƙin mai yana shimfiɗa a kan ruwa ya hana shi iska, kifi ya mutu, kuma akwai guba a cikinsa da ba ta fita da wanki. Mai gyaran batir ya zubar da ruwan batir, akwai dalma a ciki, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Mai rini, mai wankin mota, mai yankan kaji, kowa lambatu ne bolarsa. To ku bi gefen Jakara ta wajen Kwakwaci ku gani. Lambuna ne kore shar, latas da kabeji da alayyafo da karas, da wannan ruwan ake ba su. Da asuba a ɗauko su a kawo kasuwa, da rana a yanka maka a kan shinkafa da wake. Abin da ka zuba ya zagayo ya same ka a kwano. Ni ba na zargin mai lambu, ruwan da ya samu da shi yake noma.

Wani zai ce, Malam, ai wannan duka laifin hukuma ne. Wa ya raba kududdufai? Wa ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa? Wa ya ƙyale kamfanonin jima suna sakin ruwan sinadari a rafi shekara da shekaru? Ina motar kwashe shara? Gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Nasu kason ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Amma ba gwamna ba ne ya juye kwandon gidanku a lambatu. Kuma wanda ya kasa hana ƙaninsa zuba shara a kwata, da wane baki zai tsaya gaban mai masana'anta?

To me za a yi? Na farko dai a tare ruwan tun daga sama. A kafa makwarari a bakin kwano, a sa masa bututu ya zuba a duro ko tanki. Ruwan farko da na biyu a bar shi ya wuce, domin ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare duk suna kan rufin. Bayan nan a tara. A rufe bakin duron ruf, ko a ɗaura masa yanki na gidan sauro, don sauro cikin mako guda zuwa kwana 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kada a je gyaran gira a rasa ido. Ruwan ya yi wanki, ya yi wanka, ya yi alwala. In sha za a yi, a tafasa. Duro biyu a gida ba zai riƙe lita 80,000 ba, na sani. Amma gida 500 a unguwa, kowanne da duro biyu, lita 200,000 ke nan da ba ta shiga lambatu ba a daidai lokacin da ya fi cika.

Wanda yake da ɗan fili, ya haƙa rami kamar zurfin ƙugu, ya cika da fasassun bulo da tsakuwa, ya rufe da yashi, ya juya rarar ruwan can ƙasa ta shanye. Sai dai a kula, a nisanta shi da gindin gini kamar mita 5, musamman ginin ƙasa, kuma kada a kai shi kusa da salga. Kafin a cika shi a gwada: a zuba ruwa, in ya kwana biyu bai tsotse ba, ƙasar wurin yumɓu ce, a haƙura a tsaya a kan duro. Ku kuma da kuke shirin aure kuna gini, don Allah in an zo daɓe a bar wa ƙasa rabonta. A yi siminti inda ake takawa, a bar sauran da yashi ko tsakuwa, a dasa zogale ko lemon tsami ko gwaiba. Birkila zai ce maka gidan bai yi kyau ba. Shi buhun siminti yake ƙirgawa.

Ku dubi masallatanmu ma. Manzon Allah (S) da mudu ɗaya yake alwala, mudun Nabi, wanda bai cika lita ɗaya ba. Mu kuwa a saki famfo ana hira. Ruwan alwalar ranar Juma'a kaɗai ya isa ya rayar da layin bishiyoyi, amma ga shi can ya yi baƙi a ƙofar masallaci, mutane suna tattare riga suna tsallakawa. A raba hanyarsa da ta wurin fitsari, a ja shi zuwa gindin bishiya. Aikin yini ɗaya ne ga samari biyar.

Baƙin mai a tara a galan, akwai masu saye. Tsohon batir a mai da wa masu karɓa. Shara a ware: ɓawon kayan miya da toka da kashin dabbobi taki ne, manoman bayan gari da amalanke suke zuwa nema. Roba da ƙarfe na 'yan jari-bola ne. Abin da ya rage kaɗan ne, a kai shi bola. Salga in ta cika, a yi karo-karo a kira masu kwashewa, kuma a tambaye su inda za su kai, kada su ɗauka daga gidanka su juye a rafi.

Maganar yashe lambatu kuma, kada mu jira Asabar ɗin ƙarshen wata ta hukuma. Kowace unguwa 'yan'uwa su zauna yau bayan Isha, su je wa mai unguwa da limami da maganar, a sa rana kafin ruwa ya kankama. A faro daga gangare a hauro, don ruwan da aka buɗe ya sami inda zai wuce. A sa takalmin roba da safar hannu, akwai kwalba da allura a ciki. Kuma abin da aka fi yin sakaci da shi: dagwalon da aka yaso kada a jibge shi a bakin lambatun a watse. Ruwa ɗaya zai mai da shi inda ya fito. A tanadi baro ko kura tun kafin a fara, a kwashe a ranar. Masu shebur da baro a gida su ba da sunansu kafin a tashi.