Makonnin da Hadari Ke Tasowa Daga Gabas: Bazara a Salaga, Yendi da Bawku



Ranar 1 ga Mayu, 2024, ma'aunin zafi na tashar yanayi da ke Navrongo ya nuna digiri 44.6. Ba a taɓa auna zafi mai yawan haka a ƙasar Gana ba. Wanda ya gabace shi, shi ma a Navrongo aka same shi. Navrongo da Bawku kuwa yanki ɗaya suke, rana ɗaya ke gasa su. Wata guda kafin nan, a goman ƙarshe na azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon Afrilu, kusan rabinsu tsofaffi.

Kowa ya san damina da ambaliyarta, kowa ya san hunturu da ƙurarsa. Amma makonnin da ke tsakanin Maris da farkon Yuni, lokacin da zafi ke kai maƙura kuma hadarin farko ke haɗowa, ba a cika ware musu zama ba, ko a majalisar gunduma ko a zauren mai unguwa. Alhali ɓarnar da suke yi ba ta zuwa da ba-zata. An san watanta, an san kusurwar da take fitowa, kusan ma an san gine-ginen da za ta fara taɓawa.

Garuruwan nan uku a jere suke daga kudu zuwa arewa. Salaga ce ta fi kusa da kurmi, Yendi na tsakiya, Bawku na can bakin iyakar Burkina Faso da Togo, kusan daidai da Zariya a taswira. Iska biyu ke rabon shekara a kansu: busasshiya mai sauka daga Sahara, da mai laima da ke hawowa daga tekun Gini. Mahaɗarsu tana tafiya arewa sannu a hankali daga farkon shekara, don haka manomin doya na ƙasar Gonja, inda Salaga take, kan ga ruwan shuka tun Afrilu, yayin da mai gero a Bawku yakan jira ƙarshen Mayu ko ma Yuni. Salaga da Yendi kan sami ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, rabon Bawku bai kai nasu ba, kuma daminarta ta fi gajarta.

A tsakiyar Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka a wannan yanki. Ƙasa ta yi wata biyar ba ta sha ruwa ba, ciyawa ta ƙone ko an ƙone ta, babu danshin da zai rage kaifin rana. Sai kuma iskar teku ta fara lallaɓowa da laima, gumi ya daina bushewa a jiki. A nan ne ɗakin kwano mara silin yake zama azaba. Langa-langa ya sha rana tun hantsi, bulon siminti ya riƙe zafin har tsakar dare, gida ya fito da tabarmi tsakar gida ko ƙofar gida. Wanda ba ya iya fitowa, tsoho mai hawan jini, mai jego, jariri, shi ne wanda zafin ke kayarwa, kuma a takardar asibiti ba kasafai za a rubuta cewa zafi ne sanadi ba.

Wannan ne kuma lokacin sanƙarau. Tun 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana ɗamarar ƙasashen da cutar ke yi wa zuwan shekara-shekara, arewacin Gana da ƙasar Hausa duk suna ciki. A annobar 1996 zuwa 1997 Gana ta ƙirga fiye da mutum 18,000 da suka kamu, sama da 1,300 suka rasu, a daidai zamanin da cutar ta yi wa Kano mummunan kamu. Allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'ar arewa a 2012 ta karya lagon nau'in da ya fi kisa a da, amma sauran nau'o'in suna nan, kuma har yanzu busasshiyar iska, ƙura da cunkoson ɗaki ne ke share musu hanya. Da ruwa ya kankama, cutar kan lafa.

Ga kuma ƙishirwa. Salaga, wadda fataken Kano da Katsina suka riƙa yi wa tafiyar watanni don sayen goron Asante, ta shahara da ɗimbin rijiyoyinta, kuma ba don ado kakanni suka haƙa su ba: kasuwar da ke karɓar ayari a rani dole ta tanadi ruwan mutum da na jaki. Yendi ta dogara ga kogin Daka, wanda kan ja baya sosai kafin ruwan farko, jarkoki su yi layi, 'yan mata su makara zuwa makaranta. An yi nasarar raba yankin da kurkunu, domin tun 2010 ba a sake ganin mai ɗauke da shi a Gana ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da haka a 2015. Sai dai tafkin da mutum da saniya ke sha tare a watan Afrilu bai ɓace ba.

Sannan hadari ya haɗo. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Yendi a irin wannan lokaci ya san yadda abin yake. Da la'asar iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasan baƙin kuma ja, saboda ƙurar da ke tafe a gaba. Mai tumatir ta fara kife kwanduna, mai atamfa yana naɗe kaya, uwa tana ƙwala wa yaro kira ya kwashe shanya. Kafin a ankara wata iska mai sanyi ta bugo, leda da rumfunan buhu su tashi sama, kwanon rumfa ya fara kaɗawa yana kuka. Ɗigon farko bai sauka ba tukuna, amma mafi yawan ɓarnar an riga an yi ta a waɗannan 'yan mintoci.

Masana yanayi sun daɗe da fahimtar abin da ke faruwa. Ƙasa mai zafi tana tura iska mai laima sama, gajimare ya yi tsiri har ya wuce kilomita 12. Ruwan da ya fara zuba daga cikinsa yana ratsa busasshiyar iska, wani sashe ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta rikito ƙasa, ta bazu gaba da gudu. Ita ce ke yaye rufi. Kuma ba gajimare ɗaya ba ne: sukan jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, iskar sama mai busowa daga gabas ta kora su yamma. Sahun da ya tashi a tsaunukan Jos ko a ƙasar Nijar yana iya ratsa Benin da Togo ya kwana a Dagbon, ƙasar da Yendi take. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka nuna cewa mafiya tsananin irin wannan hadari a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin kuma yana ƙara wa hadarin ƙarfi. Bawku a bakin Sahel take.

A shekarar da binciken ya fito, ranar 19 ga Maris, guguwa ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, a kan hanyar Kumasi zuwa Tamale. Kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi da suka je yawon buɗe ido.

Labarin da ya fi yawa dai na rufi ne. Duk shekara rediyo da jaridu sukan kawo shi daga gundumomin arewa: makaranta ta wayi gari ba kwano, turakun lantarki sun kwanta, iyalai sun koma masallaci ko gidan dangi. Jami'an NADMO, hukumar agajin gaggawa da aka kafa a 1996, su zo su ƙirga gidaje, daga baya a raba bandir na kwano, tabarmi, bokiti da shinkafa. Agajin yana da amfani, ba mai raina shi. Abin takaicin shi ne sau da yawa akan mayar da sabon kwanon a kan tsohon katako, da irin ƙusar da ta saki a bara.

Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin a nan maganin yake. Iska ba danna rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma ta fi kama shi a baki da kusurwa. Idan ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta gabas, sai ta shiga ta turo shi daga ciki. Rufin da ke tashi gaba ɗaya, da katakonsa da komai, wanda aka ɗora ne kawai a kan bulo ba a ɗaure shi da gini ba. Kafinta nagari ya san abin yi: a bar rodi ko waya mai kauri a cikin kankaren saman gini, a naɗe katakon da ita, a yi amfani da busasshen katako wanda gara ba ta ci ba, a ƙara yawan ƙusa mai hula a layin baki da na tsakiya, kada a bar leɓen rufi ya yi tsawo. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska. Duk wannan ƙarin kuɗin bai kai na sake rufi ba, amma shi ne abin da mai gida ke fara yankewa idan aljihu ya yi ƙasa, shi ne kuma abin da ɗan kwangila ke tsallakewa idan ya san ba mai hawa sama ya duba. Gana ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2018. Kundi ba ya hawa tsani. Sai an sami injiniyan gunduma da zai hau.

Magina na da ba su karanta Nature ba, amma sun san gabas. A Kano da Zariya bangon gabas aka fi kula da shi, ana shafe shi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Matan Sirigu da maƙwabtansu a arewa maso gabashin Gana su ma da ruwan ɓawon ɗorawa suke shafe bangonsu don ruwa ya zame. Ɗakin zagaye mai jinka kuwa ba shi da kusurwar da iska za ta kama.

Itatuwan da ke rage wa iska gudu kafin ta iso gari su ne ake sarewa. Buhunan gawayi da ke jere a bakin hanyoyin ƙasar Gonja suna jiran motar Kumasi da Akra, da yawansu kaɗanya ce da sauran itatuwan da suka yi shekaru suna girma. Ba a hana mai neman abinci da wa'azi kawai, amma akwai hanyar da aka gwada. A Maradi, tun 1983, Tony Rinaudo da manoma suka fara barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, dabarar da ta dawo da itatuwa a miliyoyin hekta na Nijar. An kawo ta gundumar Talensi a 2009, kuma Talensi ba ta da nisa da Bawku.

Manomi yana da tasa fargabar, wadda ta sha bamban da ta mai gida. Ruwan farko yana da yaudara. Ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, a fita da iri, sannan sama ta kulle mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. A Bawku, inda geron farko mai saurin nuna yake fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, asarar iri ba ƙaramin abu ba ce. A 2024 ma ruwan ya fara lafiya, ya ɗauke a Yuli da Agusta, har gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken suya daga ƙasar. A 2007 kuwa fari aka fara yi, sannan ruwa ya ɓarke, aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a kan kogin Volta Fari, ambaliya ta shafi mutum sama da 300,000 a arewa. Madatsar Pwalugu da aka ce za ta tare wannan ruwa, wadda aka aza harsashinta a 2019, ba ta tashi ba.

Sanin yanayi yana nan. Hukumar yanayi ta Gana, GMet, tana da tashoshi a Yendi, Tamale da Navrongo, tana fitar da hasashen farkon damina kowace shekara, tana kuma ba da gargaɗin hadari. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, da reshenta na Manga kusa da Bawku, suna da iri mai saurin nuna. Tunda sahun hadari daga gabas yake tafe, ana ganinsa a hoton tauraro sa'o'i kafin ya iso. Matsalar ita ce gargaɗin ya fi yawo da Turanci a wayar masu ilimin boko, alhali mai kwalekwale a Makango, kusa da Salaga, da mai tallar albasa a Bawku da Dagbanci, Gonja, Kusal ko Hausa suke sauraron duniya. Gidajen rediyon gari da lasifikar masallaci za su iya isar da shi cikin minti biyar, idan an shirya tun da wuri wa zai kira wa.

Akwai aikin da kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta, na boko da na Islamiyya, zai iya yi ba tare da jiran Akra ba. A watan Fabrairu, kafin zafi ya tsananta, a ɗauko kafinta ya hau rufi aji-aji, ya sake ƙusoshin da suka saki, ya canza katakon da gara ta ci, ya ɗaure na baki da waya. A sare rassan da suka rataya a kan gini da wayar lantarki, a gyara sakatar tagogin gabas. A kuma rubuta abin da aka gani a kai wa ofishin ilimi na gunduma da kwanan wata a jiki, don a san azuzuwan da ba za a zaunar da yara a cikinsu ba idan gabas ta yi baƙi a watan Afrilu.