Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Ƙasar Noma

 

Zancen dutse na kawo muku. Ruwan sama yakan sauko da iskar kabon a narke cikinsa, ya yi ɗan tsami, ya riƙa cin dutse sannu a hankali. Kalsiyam da maganiziyam su fito, kabon ɗin ya bi ruwa zuwa koguna da teku, inda zai daɗe dubban shekaru bai koma sama ba. Masana suka ce a hanzarta wannan aiki: a niƙe baƙin dutsen aman wuta, wato basalt, ya yi laushi kamar garin tuwo, a barbaɗa shi a gona.

A shekarar 2020, Farfesa David Beerling na Jami'ar Sheffield a Ingila da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa hanyar za ta iya zuƙe har tan biliyan 2 na iskar a shekara. A 2025 kuwa, kamfanin Mati Carbon, mai aiki da ƙananan manoma a Indiya, ya lashe kyautar XPRIZE ta dala miliyan 50 a kan wannan sana'a. Manomi ma yana samun nasa, domin garin yana rage tsamin ƙasa.

To, amma fa a nan gizo ke saƙa. Kabon ɗin yana tafiya da ruwa, saboda haka wanda ya ɗebi ƙasar sama kawai ya auna, bai ga rabin labarin ba. Sai an kafa bututu an tsotso ruwan da ya nutse ƙasa da saiwa, damina bayan damina. Idan tsami ya ragu, ƙwayoyin halittar ƙasa na iya ƙara cin ruɓaɓɓen ganye su saki wani kabon. Injin niƙa da motar dakon dutse kuma suna shan man dizal, dole a cire hayaƙinsu daga lissafin riba. Mai sayar da shaidar cewa an zuƙe kabon ba ya son a tsananta wannan tambaya.

Muna da basalt a tudun Biu da yankin Jos, amma daminarmu gajeriya ce, dutse kuwa ba ya narkewa a busasshiyar ƙasa. Alƙaluman ƙasashen waje ba za su amsa mana ba. A cikinku nake fatan a sami masu kafa gonakin gwaji, su auna, su rubuta abin da suka gani ko bai yi wa mai ba da kuɗi daɗi ba.

Ina taya ku da iyayenku murna. Allah Ya sa albarka.